Yadda Ake Haɗa Na'urar DVD da Talabijin da Akwatin Sauti

Duk wanda ya taɓa leƙa bayan akwatin talabijin ya ga waɗansu 'yan ramuka a jere, waɗansu zagayayyu masu launi, waɗansu masu tsawo kamar bakin asusu. Ana kiransu kafofi. Yara da yawa, har da manya, in sun ga kafofin nan da tarin wayoyi sai su ja da baya, su ce wannan aiki sai mai gyaran rediyo. Alhali kuwa abin ba shi da wuya. Ƙa'ida ɗaya ce tak ke bisansa, wanda ya riƙe ta kuwa ya iya haɗa kowace na'ura da 'yar'uwarta. Amma kafin a kai ga ƙa'idar, ya kamata a san abubuwan da za a haɗa, da aikin kowannensu.

Na farko ita ce na'urar DVD, mai karanta faifai. Kun san yadda mata ke ɗinka faifan kaba: daga tsakiya suke farawa, su yi ta kewayawa, zagaye bayan zagaye, har su kai baki. To, haka aka shirya faifan DVD. Faɗinsa santimita 12 ne, kaurinsa kuwa milimita 1.2 kacal, da roba mai ƙarfi aka yi shi. A cikinsa akwai layi guda ɗaya wanda ya tashi daga tsakiya ya yi ta kewaye har gefe. Don tsananin sirantakarsa, ana iya jera kamar ɗari irinsa a kan kaurin gashi ɗaya. Da za a warware shi a miƙar, da ya yi kusan kilomita 12, watau tafiyar da za ta ci wa ƙaƙƙarfan mutum fiye da sa'a biyu a ƙasa. A kan layin nan an yi 'yan ramuka ƙanana ƙwarai, waɗansu gajeru, waɗansu dogaye, ido ba ya iya ganinsu. Su ne rubutun faifan. Hoto da magana da kiɗa duk an mai da su lissafi, an rubuta su da ramukan nan.

In an sa faifai cikin na'ura, sai ta juya shi da sauri, ta haska masa wani jan haske siriri da ake kira leza. Hasken ya bugi faifan ya komo cikin wani ɗan ido na gilashi, yadda hasken rana ke komowa daga madubi. Inda ya gamu da rami, komowarsa takan sāke, ta haka na'urar ke karanta rubutun. Babu allurar da ke taɓa faifan kamar yadda ake yi da garmaho, saboda haka yawan kallo ba ya cinye shi.

A ƙasar Japan aka fara sayar da wannan na'ura, cikin watan Nuwamba na 1996, ta shiga kasuwannin Amurka a 1997. Kafin zuwanta kaset ɗin bidiyo ke tashe, irin wanda kamfanin JVC ya fito da shi a 1976. Finafinan Hausa ma a kan kaset suka soma fita a Kano a 1990, daga baya suka koma kan faifai. Akwai kuma wan DVD, watau faifan CD na 1982, girmansu ɗaya, amma ƙanen ya fi wan ciki, gama DVD ɗaya yakan ɗauki abin da CD kusan bakwai za su ɗauka. Yau mutane da yawa sun koma kallo a wayar hannu da intanet, amma har yanzu akwai na'urorin faifai a gidaje da makarantu, akwai kuma faifai masu amfani jibge cikin akwatuna, waɗanda ba abin da ya hana a kalle su sai rashin sanin inda za a soka waya.

Sai dai na'urar DVD, duk da gwanintarta, ba ta da fuska, ba ta da baki. Ta iya karatu, amma ba ta iya nuna wa kowa abin da ta karanta. Talabijin ne fuskarta, shi ke nuna hoto. Yana da 'yar murya tasa kuma, amma ba ta da kauri, musamman talabijin na zamani mai kama da allo, don ba shi da cikin da zai ɗauki babbar lasifika. Wannan ya sa ake kawo na uku, watau akwatin sauti. Shi kuma kashi biyu ne, da amfilifaya da lasifikoki. Saƙon muryar da ke fitowa daga na'urar DVD raɗa ce kawai, ba ta da ƙarfin motsa komai. Amfilifaya ita ce sanƙira: ta ji raɗar, ta ɗaga ta da ƙarfi, ta miƙa wa lasifika. A cikin lasifika akwai maganaɗisu da naɗin waya da wata takarda mai kamar mazurari. In wuta ta ratsa naɗin, sai takardar ta yi ta kaɗawa gaba da baya kamar fatar ganga, ta kaɗa iska, iskar ta bugi kunne, a ji magana.

To, ga ƙa'idar. Ku tuna da mai lambu a fadama. Yakan ɗebo ruwa daga rijiya ya zuba a magudana, ruwan ya gangara ya shiga fangali. Kullum daga rijiya yake tashi, a fangali yake sauka. In wani ya haƙa magudana daga rijiya zuwa wata rijiya, ko daga fangali zuwa busasshen fangali, albasarsa ba za ta sha ko ɗigo ba. Haka hoto da murya suke. Na'urar DVD ita ce rijiya, talabijin da amfilifaya su ne fangali, waya kuwa ita ce magudana. Kowace kafa da ke bayan na'ura, ko dai mafita ce ko mashiga. Masu ƙira sun rubuta wannan da Turanci a gefen kafofin: inda aka rubuta OUT mafita ce, inda aka rubuta IN mashiga ce. Kowace waya lalle ta tashi daga mafita ta sauka a mashiga. Ƙa'idar ke nan, sauran duk bayani ne.

Kafin a taɓa waya ko ɗaya, sai a kashe na'urorin duka a zare fulogoginsu daga soket. Wannan ba abin wasa ba ne. Wutar gida a Nijeriya ƙarfinta wajen volt 230 ne, tana kisa nan take. Wayoyin hoto da murya ba su ɗauke da wuta mai cutarwa, yaro mai hankali ya iya soka su da kansa, amma abin da ya shafi soket na manya ne. Kada a taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu. Kada kuma a yi abin nan da waɗansu ke yi, in fulogi ya fashe su cusa tsirarar waya cikin soket su toshe da tsinken ashana. Gidaje da kantuna da dama sun ƙone ta wannan hanya. A duba kuma rubutun da ke bayan na'urar, kusa da inda wayar wuta ta fito. In an ga 100 zuwa 240, ko 220 zuwa 240, to, ta dace da wutarmu. In kuwa 110 ko 120 kaɗai aka gani, an yi ta ne don wutar Amurka, in aka sa mata tamu kai tsaye sai ta yi hayaƙi ta mutu kafin a ƙifta ido.

Wayar da aka fi sani ita ce mai kai uku a kowane gefe: rawaya da fari da ja. Irin kan nan tsoho ne ƙwarai, ya girmi kakannin yawancinku. Wani kamfanin Amurka mai suna RCA ya fito da shi don haɗa garmaho da rediyo, har yau kuma da sunan kamfanin ake kiransa. Rawaya ita ke ɗauke da hoto. Fari na ɗauke da muryar hagu, ja na ɗauke da muryar dama. A bayan na'urar DVD za a ga kafofi uku masu waɗannan launuka an rubuta OUT, a bayan talabijin ko a gefensa kuma a ga uku an rubuta IN ko AV IN. Sai a soka rawaya a rawaya, fari a fari, ja a ja, a tura kowanne har ya zauna daram. In talabijin ɗin ƙarami ne mai kafa biyu kawai, rawaya da fari, sai a bar jan yana reto, ba laifi.

Ga wani abu da ba kowa ya sani ba. In aka feɗe wayoyin nan uku, galibi abu ɗaya za a tarar a ciki: silin jan ƙarfe a tsakiya, da wani a kewaye da shi. Launin alama ce kurum, kamar yadda makiyayi ke yi wa tumakinsa shaida don kada su ɓace masa. Saboda haka in rawayar ta tsinke, ana iya aron jar a soka ta a kafar rawaya nan da can, hoto ya fito, kafin a sayo sabuwa. Abin lura dai shi ne kan da ya tashi daga mafitar hoto ya sauka a mashigar hoto. In ya ɓata hanya ya faɗa mashigar murya, ba za a ga komai ba, sai wani gurnani mai ban haushi da lasifika za ta yi ta yi.

Waɗansu na'urori suna da wasu kafofi uku kuma: kore da shuɗi da ja. Duk ukun na hoto ne, an raba shi kashi uku don ya fi fita tangaran, babu murya a cikinsu ko kaɗan. Wanda ya yi aiki da su sai ya ƙara da fari da ja na murya, wayoyi biyar ke nan. Nan ne mutane ke ruɗewa, gama ja ya zama biyu. Jan hoto yana jere da kore da shuɗi, jan murya kuwa ba ya rabuwa da fari. In aka musanya su, fuskokin mutane a talabijin sai su rine su yi wani irin launi kamar na marasa lafiya, kunne ɗaya kuma ya yi ta gurnani.

Wadda ta fi duka sauƙi ita ce wayar HDMI, wadda ta fara shiga kasuwa wajen 2003. Kanta shimfiɗaɗɗe ne, da 'yan haƙora 19 a ciki, ita kaɗai ke ɗaukar hoto da murya gaba ɗaya. Sauran wayoyin da aka ambata sai na'ura ta fassara lissafin faifai tukuna ta aika, ita kuwa wannan lissafin take kaiwa yadda yake, talabijin ya fassara da kansa, don haka hoton ba ya dusashewa a hanya. Fuska ɗaya kawai take shiga. In ta ƙi, a juya ta, kada a danna da ƙarfi, haƙoran ba su da wuyar lanƙwashewa. In na'ura da talabijin duk suna da kafar HDMI, ba sai an nemi wata waya ba.

Wani lokaci kuwa sai a tarar tsohuwa ta auri yaro: na'urar tana da rawaya da fari da ja kaɗai, talabijin kuma sabo ne, ba shi da komai sai HDMI. Akwai ɗan akwati da ake sayarwa mai yin tafinta tsakaninsu. Amma mai saye ya buɗe ido, gama iri biyu ne, kamarsu ɗaya. Wani yana karɓar rawaya ya ba da HDMI, wani yana karɓar HDMI ya ba da rawaya, ba kuwa wanda ke yin aikin ɗan'uwansa. A nan ma ƙa'idar rijiya da fangali ce za ta fid da mutum: a duba wane gefe aka rubuta IN. Haka kuma akwai tsofaffin talabijin waɗanda ba su da kafa sai ta eriya, don lokacin da aka ƙera su ba abin da ake kallo sai tasha. Su ma akwai nasu akwatin tafinta. Talabijin da aka yi don ƙasashen Turai kuma sau da yawa suna da wata doguwar kafa mai ramuka 21, ana ce da ita SCART, a Faransa aka ƙago ta. Ana samun kai na musamman da ke haɗa ta da wayar nan mai launi uku.

In an gama soka wayoyi, babba ya mai da fulogi ya kunna. Saura abu guda, shi ne kuwa aka fi mantawa. Talabijin kamar gida ne mai ƙofofi da yawa da mai gadi ɗaya, ƙofar da aka ce ya tsaya nan yake tsayawa, ko baƙo ya shekara yana sallama a wata ƙofar ba zai ji ba. Sai an gaya masa ƙofar da za ya buɗe. A jikin rimot akwai maɓalli da aka rubuta AV, ko INPUT, ko SOURCE. Shi za a yi ta dannawa har a kai sunan kafar da aka soka wayar.

Wani magidanci ya taɓa sayo na'ura ran kasuwa, ya haɗa komai daidai, ya tara iyalinsa, ya kunna. Talabijin ya yi shuɗi fes, ba hoto ba murya. Ya zare ya sāke sokawa har sau uku, gumi ya keto masa. Ya ce lalle mai kanti ya cuce shi, ya fara mai da na'urar cikin kwali, yana cewa gobe da sassafe sai an ba shi kuɗinsa.

'Yarsa da ke aji biyar ta durƙusa ta ce, “Baba, in ka yarda in duba.”

Ya ce, “Ke me kika sani a ciki? To, duba.”

Ta leƙa bayan talabijin ta ga kafofin rawaya iri biyu ne, an rubuta AV1 da AV2, wayar kuwa tana cikin ta biyu. Ta ɗauki rimot ta danna sau ɗaya, sai ga hoto. Uban ya yi shiru, can ya ce, “Ashe saura kaɗan in ɗauki alhakin bawan Allah.”

Yanzu sai akwatin sauti. A nan magudana takan rabu biyu: hoto ya nufi talabijin, murya ta nufi amfilifaya. Rawaya tana nan inda take. Fari da ja kuwa sai a zare su daga talabijin a kai su bayan amfilifaya, a soka a mashigar da aka rubuta DVD, ko CD, ko AUX. Duk ɗaya ne, sunaye ne kawai don a tuna abin da aka soka. Mashiga biyu ne ba a so. Ɗaya ita ce wadda aka rubuta PHONO, ta allurar garmaho ce, an yi ta don muryar da ta fi ta DVD rauni nesa ba kusa ba, in aka ba ta wannan sai sauti ya fashe ya yi ta ƙarƙara. Ɗayar kuma ta makirufo ce, ita ma haka. Amfilifaya kuma tana da nata mai gadi, sai an juya maɓallinta zuwa sunan kafar da aka zaɓa. Kafin a kunna ta a rage murya ƙasa sarai, sa'an nan a riƙa ƙarawa a hankali. In murya tana fita ta talabijin kuma, a rufe tasa, don in su biyu suna magana tare akan ji kamar amsa-kuwwa.

Daga amfilifaya zuwa kowace lasifika akwai waya mai sili biyu, da maƙalai biyu, ja da baƙi. Silin da ya tashi daga ja ya sauka a ja, na baƙi a baƙi. In aka juya na lasifika ɗaya ba abin da zai ƙone, amma sa'ad da takardar wannan ke turo iska, ta waccan janyewa take yi, kamar mutum biyu masu ɗaukar gungume, ɗaya ya nufi gabas ɗaya yamma. Sai a ji kaurin sautin ya ɓace. Abin da ke da hatsari shi ne silin ja ya taɓa na baƙi, ko da gashi ɗaya ne na jan ƙarfe ya kauce. Wannan na iya ƙona amfilifaya. Saboda haka a murɗe bakin kowane sili ya haɗe kafin a maƙala shi.

Me ya sa aka raba murya hagu da dama? Domin kunnuwan mutum biyu ne. In akuya ta yi kuka a hagunku, kukan yakan riga isa kunnen hagu, ya kuma fi ƙarfi a can, ta haka kuke sanin inda take ko da a duhu. Wani injiniya na Ingila mai suna Alan Blumlein shi ya tsara yadda za a ɗauki sauti ta hanya biyu, ya yi rajistar dabararsa a 1931. Saboda haka in mota ta wuce daga hagu zuwa dama a cikin fim, ƙararta ma haka za ta bi, muddin an ajiye lasifikar hagu a hagun mai kallo, ta dama a damansa. In aka musanya fari da ja, ido zai ga mota ta yi gabas, kunne ya ji ta yi yamma.

Faifan DVD da yawa ba hanya biyu kaɗai suke ɗauke da ita ba, har shida. Shi ne ake rubutawa 5.1 a bayan kwalinsu. Lasifika biyu a gaba, hagu da dama. Ɗaya a tsakiya, daf da talabijin, ita ke fid da maganar 'yan wasa, don a ji kamar daga bakinsu take fita. Biyu kuma a gefen masu kallo, ɗan baya kaɗan, su ke kawo ƙarar ruwan sama da hayaniyar kasuwa, har mutum ya waiga. Biyar ke nan. Ta shida ita ce ƙatuwar da ake ajiyewa a ƙasa, ba ta magana, sai gurnani mai zurfi irin na tambari da tsawa, wanda ƙirji ke ji kafin kunne. Ita ba ta da zaɓen wuri sosai, gama kunne ba ya iya gane inda sauti mai zurfi ya fito.

Fari da ja ba su iya ɗaukar hanya shida, biyu ce iyakarsu. Mai son shidan sai ya bi ta HDMI, ya kai ta amfilifaya tukuna, daga mafitar amfilifaya kuma wata ta wuce talabijin. In babu wannan, akwai kafa guda mai ruwan lemo da aka rubuta COAXIAL, ko wata 'yar murabba'i mai murfi da aka rubuta OPTICAL. Wannan ta ƙarshe abin mamaki ce. Kamfanin Toshiba ya fito da ita a 1983. Ba ƙarfe a cikin wayarta, zare ne mai kama da gilashi, haske ke bi ta ciki yana ƙyaftawa sau miliyoyi a daƙiƙa ɗaya. In an soka kai ɗaya, akan ga ɗan jan haske a ɗaya kan. Ba ta son a naɗe ta da ƙarfi ko a take ta, in zaren ya karye shi ke nan.

In an haɗa abu ya ƙi, kada a yi saurin cewa na'ura ta lalace. A bi magudana daga rijiya, kamar yadda mai lambu ke bi ya ga inda ruwa ya tsaya. In akwai hoto babu murya, laifin na wajen fari da ja ne, ko maɓallin amfilifaya. In akwai murya babu hoto, a duba rawaya. In hoto ya fito fari da baƙi ko yana birgima, sau da yawa bambancin tsari ne: talabijin na Nijeriya da yawancin Turai tsarin PAL aka yi su da shi, na Amurka da Japan kuwa NTSC, ana kuma iya sauyawa a cikin saitin na'urar. In hoto yana yin haske yana yin duhu da kansa, a duba ko an bi da wayar ta cikin tsohuwar na'urar kaset. Masu finafinai sun sa wa faifai wata dabara don hana kwafa, ita ke jawo haka, maganinta a kai wayar talabijin kai tsaye. Wani faifan kuma na'ura takan ƙi shi ɗungum, don masu finafinai sun raba duniya shiyya shida. Amurka ce ta 1, Turai ta 2, Nijeriya da yawancin Afirka suna ta 5. Amma na'urori da yawa ba ruwansu da shiyya, kowane faifai suka samu karantawa suke yi.

In kuwa hoto yana tsayawa yana tsalle, galibi faifan ne ya yi datti. A riƙe shi ta gefe da ramin tsakiya, a share da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kada a bi zagaye. Dalili kuwa, in tsumma ya yi ƙarci a gicciye, ɗan kaɗan zai ɓata daga kowane layi, na'ura ta iya cike gurbin da lissafi. In ƙarcin ya bi layi, sai ya shafe dogon rubutu a wuri ɗaya, ba ta da yadda za ta yi. Kada a bar faifai a rana, yakan lanƙwashe. Ƙurar hunturu kuma takan rufe idon na'ura, don haka lulluɓe ta da ƙyalle abu ne mai kyau, amma sai bayan an kashe ta. In tana aiki ita da amfilifaya suna bukatar iska, in an toshe ramukan shan iskarsu zafi ya kashe su.

In an ɗauke wuta, a kashe soket, don wani lokaci takan komo da ƙarfin da ya wuce kima. In hadari ya taso da tsawa, a zare fulogi da wayar eriya. Tsohon talabijin mai ƙaton baya kuma ba ya shiri da lasifika, maganaɗisunta yakan ɓata masa launi a kusurwa, sai a nisanta su kaɗan. Kada yaro ya kuskura ya buɗe bayan irin wannan talabijin, gama akwai wutar da ta haura volt 20,000 a cikinsa, takan kuma saura a ciki bayan an zare shi daga soket. Haka ita ma na'urar DVD ba a buɗe ta a leƙa hasken leza, yana cutar da ido. In za a zare kowace waya, a kama kanta a ja, kada a fizgi jelarta, don a wuyan nan silin yake fara tsinkewa.

Tambayoyi

1. Ta wace hanya faifan DVD ya yi kama da faifan kaba?
2. Wani yaro ya soka waya daga kafar OUT ta na'ura zuwa kafar OUT ta talabijin. Me zai gani? Don me?
3. Ja biyu ne a bayan wata na'ura. Yaya za a gane na hoto da na murya?
4. Me ya sa ake share faifai daga tsakiya zuwa baki?
5. Ku zana na'urar DVD da talabijin da amfilifaya da lasifika biyu a littattafanku. Ku ja layin kowace waya da launinta, ku sa kibiya mai nuna inda saƙo ya nufa.